Shin ƙuri'ar raba-gardama za ta iya maye gurbin majalisa?

Ɗalibin Siyasa:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga malamanmu. Tun da yanzu kusan kowa yana riƙe da waya, kuma ana iya tura kuɗi daga Kano zuwa Legas cikin daƙiƙu, me zai hana jama'a su riƙa kaɗa ƙuri'a da kansu a kan kowace doka, a huta da ɗawainiyar sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360? Na ji ana cewa haka ake yi a Suwizalan, shi ya sa nake neman ƙarin haske.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Wanda ya ba ka labarin Suwizalan rabi ya ba ka, domin ƙasar tana da majalisa mai zaure biyu, ɗaya mai kujeru 200, ɗaya mai 46, kuma su ne ke rubuta dokoki da tsara kasafin kuɗi kamar ko'ina. Abin da jama'a suka riƙe a hannunsu linzami ne. Idan majalisa ta zartar da dokar da ba ta kwanta musu ba, mutum 50,000 na iya sa hannu cikin kwana 100 su tilasta a kai ta gaban masu zaɓe, idan kuwa gyaran tsarin mulki suke so, sai su tara sa hannu 100,000 cikin wata 18, sannan gyaran ba zai tabbata ba sai ya samu rinjayen jama'a da na jihohi a lokaci guda. Kusan sau huɗu ake fita irin wannan ƙuri'a a shekara, amma sau da yawa waɗanda ke fitowa ba su kai rabin masu rajista ba, kuma galibin shawarwarin da jama'a suka gabatar faɗuwa suke yi.

Abin da kake kwatantawa ya fi kama da taron jihar Glarus ta Suwizalan, inda ake cika dandalin gari sau ɗaya a shekara a watan Mayu, a karanta batu, a yi muhawara, a ɗaga hannu, shugaban taron ya duba da ido ya faɗi ɓangaren da ya rinjaya. Jiha ce mai mutane wajen 40,000, wato ba ta kai wata unguwar Kano ba. Waya za ta iya ƙirga ƙuri'ar miliyoyi, ban musa ba, sai dai ba za ta karanta wa manomi kundin kasafi mai ɗaruruwan shafuka ba, kuma ba za ta zaunar da ɓangarori biyu su yi ta ja-in-ja har kowa ya sassauta ba. Wannan aikin ne ake biyan wakili ya yi, ko da wasu ba sa yin sa.

Ɗan Damagaram:
Malam, Allah ya ƙara sani. Mu a Nijar mun ga wani gefen da ba a taɓo ba, wato wa ke tsara tambayar. A 2009 Shugaba Mamadou Tandja ya nemi tazarce, kotun tsarin mulki ta ce hanyar ta saɓa doka, sai ya rusa majalisa, ya rusa kotun, ya kira ƙuri'ar raba-gardama ranar 4 ga Agusta. 'Yan adawa sun ƙaurace, aka sanar da cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari sun amince, kuma ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi. Da sunan jin ra'ayin talakawa aka yi duk wannan, alhali wanda ya rubuta tambayar shi ne mai cin moriyar amsar.

Uwar Ɗalibai:
Ni abin da ke damuna shi ne makomar marasa rinjaye. A Suwizalan ɗin da ake yabo, sai a 1971 maza suka amince mata su yi zaɓe a matakin tarayya, jihar Appenzell Innerrhoden kuwa ta ci gaba da ƙi har kotun tarayya ta tilasta mata a 1990. A 2009 kuma ƙuri'ar jama'a ce ta haramta gina hasumiyar masallaci, duk da cewa gwamnati da majalisa sun nemi a yi watsi da shawarar.

Ɗalibin Siyasa:
Na gode, Hajiya, na gode malamai. To yaya za mu yi da wakilin da ba a sake ganinsa a mazaɓa sai kakar zaɓe ta zagayo?

Malamin Tarihi:
Sashe na 69 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi kiranye, wato masu zaɓe su cire wakilinsu, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, kafin a je ƙuri'a, kuma har yau ba a cire ɗan majalisar tarayya ko ɗaya ta wannan hanya ba. Da ni ne kai, da a kan sassauta wannan sharaɗi zan soma rubutuna.