Neman kalma: na'urar nan mai ƙara ta masu tashi da laima

Ɗan Rediyo, Asawase: Salamu alaikum jama'a. Gobe da la'asar zan ɗauki shirinmu na Hausa a kan bikin tashi da laima da ake yi a Kwahu, nan Gana, duk Ista, wanda aka fara tun 2005. Daga kan dutsen Odweanoma a Atibie ake tashi, a sauka a filin ƙwallo na Nkawkaw. Laima dai kowa ya san ta. Abin da ya tsaya mini shi ne 'yar na'urar da matuƙi yake ɗaurawa a cinya ko a kafaɗa, suna ce mata bariyo, wato bariyomita a taƙaice. Ina son sunan da tsohuwa a Aboabo za ta ji ta gane.

Malama, Nima: Ma'aunin tsayi mana.

Mai Gyaran Waya, Alabar: Malama, a yi haƙuri, tsayi daban ne. Matsin iska take ji. Kusa da bakin teku, duk mita 8 da ka hau, matsin yana raguwa da kamar hektofaskal 1, wato awon matsin iska. Ita kuwa ba ruwanta da inda kake, saurin canjin take lissafawa: mita nawa kake hawa ko sauka a sakan ɗaya. Laima idan iska ta kwanta tana yin ƙasa da kamar mita 1 a sakan, don haka mai son daɗewa a sama dole ya nemi iskar zafi mai tashi, irin wadda ungulu take shawagi a ciki ba ta kaɗa fiffike. Jikin mutum fizgar farko kawai yake ji, in hawan ya daidaita shi ke nan, ido ma ba ya ganewa in ƙasa ta yi nisa. Hannu biyu suna kan igiyar birki, ido yana kan sauran masu tashi, shi ya sa aka sa mata murya. Kana hawa, ƙarar tana sirancewa tana sauri. Kana faɗuwa da yawa, sai ta koma doguwar ƙara mai kauri.

Malama, Nima: To ma'aunin hawa da sauka ke nan.

Kawu, Sabon Zango: Tsaya tukuna 'yata. Abin da muryarsa take hawa tana sauka, yana yi wa mutum magana ba da baki ba, ai Bahaushe yana da sunansa tun kaka da kakanni. Kalangu. Ku ce kalangun sama. Ka matsa ya yi siriri, ka saki ya yi kauri.

Ɗan Rediyo, Asawase: Kawu, ranka ya daɗe, ya yi daɗi a kunne. Tsorona kada masu saurare su ɗauka da makaɗi ake tashi.

Kawu, Sabon Zango: Sai ka yi musu bayani, ba aikinka ba ne? Jirgi a ruwa yake da, wa ya hana a ce jirgin sama? Kalangun sama.

Mai Gyaran Waya, Alabar: Kawu, yaran Kumasi da sunan dondo suka san kalangu. Kuma na yanzu ba ƙara kaɗai yake yi ba, na'urar yana da GPS, yana nuna gudunka a kan ƙasa da inda iska ke kai ka, yana ajiye hanyar da ka bi. Wasu ma waya suke sa wa manhajar XCTrack su haɗa da ɗan ƙaramin bariyo. Ni a bar shi bariyo, yadda aka bar rediyo.

Bakano, Legon: "Na'urar yana da"? Na'ura mace ce, malam. Wanda bai raba ya da ta ba shi ne zai raɗa wa Hausa kalma? Bariyo kuma lalaci ne kawai. In ana son sunan ilimi, mizanin hauhawa ya fi.

Hajiya, Mamobi: Kai yaro, sannu da zuwa Ankara. Hausarmu da ƙafa ta zo, kakanninmu fataken goro suka kawo ta ta Salaga, ba a littafi muka tsince ta ba. Wacen nan, shinkafa da waken da kake saye kowace safiya, duk Gana da sunanmu suke kiransa, daga wake ne. Hauhawa kuma mu farashin kaya muka sani da ita. Ka ce mizanin hauhawa a rediyo, mata za su zaci maganar sidi ake yi.

Bakano, Legon: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ban raina kowa ba. Amma shirin har a intanet ake jin sa, mutanen Kano da Damagaram ma za su saurara.

Hajiya, Mamobi: Su saurara. Mu shekara nawa muna jin tasu ba mu yi ƙorafi ba?

Malama, Nima: Jama'a, bawan Allah nan gobe zai shiga ɗauka. Gyara ɗaya nake da shi: tun da sauri ake aunawa, ma'aunin hawa da sauka zai iya rikicewa da mai ƙirga tsayi. Cikakkensa ma'aunin saurin hawa da sauka.

Mai Gyaran Waya, Alabar: Daidai ne, amma kafin ka gama faɗa mutum ya sauka Nkawkaw.

Kawu, Sabon Zango: Kalangun sama, kalma biyu.

Ɗan Rediyo, Asawase: To ga yadda zan yi. Karon farko zan ce bariyo, wato ma'aunin saurin hawa da sauka. Daga nan bariyo kawai. Wajen bayanin ƙarar zan ce tana yi kamar kalangu, in kuma ce wani dattijo a Sabon Zango ne ya ba ni.

Kawu, Sabon Zango: "Kamar" ba suna ba ne. Amma je ka, ni dai a gidana kalangun sama ne.

Bakano, Legon: Ban yarda da bariyo ba, sai dai ba ni ke riƙe da makirufo ba. A ce "tana", don Allah.

Ɗan Rediyo, Asawase: Za a ce tana. Saura ɗaya: ɗayan nau'in, mai fiffike mai kusurwa uku da sandunan alminiyam, wanda matuƙi yake rataye rub da ciki a ƙarƙashinsa. Shi ba laima ba ne. Wa ke da suna kafin azahar?

Kawu, Sabon Zango: Jemage.

Hajiya, Mamobi: Kawu, je ka kwanta.