Me ya taɓa sa kuka buɗe baki a taron malamai?

Malamar Aji 3, Kano: Assalamu alaikum. Shekarata 11 ina koyarwa, a taron malamai ba na wuce "to" da "Allah Ya taimaka". Makon jiya na fasa yin shiru. Iska ta yaye rufin ajinmu tun daminar bara, kullum hedimasta sai ya ce an rubuta takarda. Ran Talata wata yarinya ta zo da tsohon buhun siminti, ta lulluɓe littafinta da shi, ita kuma ta zauna ruwa na dukanta. A taro ban san lokacin da na miƙe ba. Ku fa, me ya taɓa tayar da ku?

Malam daga Zariya: Wa alaikumus salam, Malama. Ni gaskiya ba jarumta ba ce. Tun jarrabawar gwajin 2017 da ta raba malamai sama da 21,000 da aikinsu a Kaduna, kowa ya iya bakinsa. Amma da aka ce in ƙara sunayen yaran da babu su a rajista saboda lissafin ciyar da ɗalibai, na ƙi a gaban kowa. Sa hannuna ne a ƙasan takardar. Ranar bincike wa za a kira?

Mushe (malamin makaranta) daga Maraɗi: Mu 'yan kwantaragi a nan, ka yi magana da wane ƙarfi? Kuɗin wata ya makara, diraktan lakwal, wato hedimasta, ya ce haƙuri, ka ce to. Sai da muka shiga sandika, wato ƙungiyar malamai, na gane baki goma ya fi ɗaya nauyi.

Tsohon Hedimasta: Malama, kin yi daidai, sai dai ku riƙa yi mana adalci. Hedimasta ba ya riƙe da kuɗin rufi. Ni na fi jin maganar malamin da ya same ni a ofis tukuna, in na yi kunnen ƙashi sannan ya kai taro. Kuma ku daina manta kwamitin iyaye da mai unguwa. Abin da takarda ta kasa a wata shida, dattijo ɗaya ya kan yi shi da waya.

Anti mai Lissafi: Baba, a makarantar kuɗi babu wannan. Mai makaranta ya ce in rubuta amsa a allo ranar jarrabawar fita. Na ce ɗana ma yana cikin masu zanawa kuma ba zan yi ba. Ƙarshen zango aka ce an rage ma'aikata. Yanzu lesin nake yi a gida.

Malamar Aji 3, Kano: Allah Ya musanya miki da mafi alheri, Anti. Baba, na kai wa mai unguwa maganar jiya. An ce kafinta zai zo Asabar. An kuma ce sunana na cikin waɗanda za a yi wa canjin makaranta.