Tambaya kan tallafa wa wardi da waya

Mai Lambu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya biyu gare ni. Wardi mai yaɗo da aka shuka a gindin bango, wace irin waya ake ja masa, kuma tazara nawa? Sannan idan an yanko fure don haɗa dami, me ke hana kansa langaɓewa? Na ji ana cewa a soka masa waya.

Manomin Fure:
Wa alaikumus salam. Malam, wardi ba ya kama bango da kansa, ɗaure shi ake yi. Nemi waya mai rufin hana tsatsa, kaurin milimita 2 zuwa 3. A kafa ƙusoshi masu zobe a bango, tsakaninsu mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma su riƙe wayar nesa da bangon da kamar santimita 5 zuwa 8. Wannan ratar ce hanyar iska. Idan ganye ya manne da bango danshi zai zauna, cututtukan ganye irin su baƙin tabo da farar ƙura su samu wurin zama. Layin farko ya tashi santimita 50 daga ƙasa, sauran a jera su santimita 30 zuwa 45 tsakani. Ka sa abin murɗawa mai ɗame waya a ƙarshen kowane layi, domin waya tana saki idan nauyi ya hau ta.

Inda akasari ake kuskure shi ne barin manyan rassa su miƙe tsaye. Reshen da ya miƙe, a ƙolinsa kaɗai zai yi fure, ƙasa ya zama ƙaya zalla. Kwantar da shi a kan wayar, ko ka karkata shi sosai, sai idanun da ke jikinsa su farka, kowanne ya fitar da toho mai fure. A lanƙwasa shi tun yana ɗanye, in ya ƙosa karyewa yake yi.

Kada a ɗaure reshe da tsurar waya. Yana kauri za ta nutse cikin ɓawo ta shaƙe shi. Igiya mai laushi ake sawa, a sarƙa ta kamar lamba 8, a bar wurin da yatsa zai shiga. Kuma kada a cusa reshe ta bayan waya, ranar askin rassa ba zai fito ba.

Uwar Ado:
Malam Mai Lambu, game da tambaya ta biyu, langaɓewar wuya matsalar ruwa ce. Iska ko ƙwayoyin cuta sun toshe hanyar ruwa a cikin karan, ko an yanke furen bai ƙosa ba. Waya za ta ɗaga kan, amma furen zai ci gaba da yaushi. A fara datse santimita 2 zuwa 3 daga gindin a karkace da wuƙa mai kaifi, a cire duk ganyen da zai nutse, a bar shi ya sha ruwa mai tsabta na wasu awanni.

Wayar masu adon fure kuwa da geji ake aunata, wato lambar kaurin waya, kuma lamba na hawa, waya na sirancewa. Don tallafar dogon kara, ɗauki geji 20, soka bakinta kaɗan a kumburin da ke ƙarƙashin furen, ka nannaɗe sauran a jikin karan a hankali. Idan furen maƙalawa a riga ne, a rage karan zuwa santimita 2, a ratsa kumburin da geji 22 ko 24, a lanƙwaso ɓangarorin biyu ƙasa, a rufe da salatif ɗin fure. Sai an ja shi yake mannewa. Furen da aka yi wa haka ba ya ƙara shan ruwa, don haka a haɗa shi dab da lokacin amfani, a ajiye a wuri mai sanyi.

Manomin Fure:
Gaskiya ne Hajiya. Ƙari kaɗan: in a cikin tulu za a jera su, ba sai an soki kowanne ba. A dunƙule ragar waya irin ta kaji, mai rufin roba, a tura bakin tulun, ramukanta su riƙe karan. Marar rufi tana tsatsa ta ɓata ruwan.