Ciyawar ƙofar gida a ƙasashen sanyi: yaushe ake shuka, me ke kashe ta?

Ɗan Columbus: Jama'a, duk wanda ke da fili a ƙofar gida ya kawo abin da ya sani. Na fara da lokaci. Ciyawar nan ba kiri-kiri ba ce da ke murna da zafi. Ta fi tasowa tsakanin digiri 15 zuwa 24 a ma'aunin Celsius, don haka daminarta ita ce ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba: ƙasa da sauran ɗumi, iska ta huce. Wanda ya shuka a Mayu, kafin saiwa ta kama zafin Yuli ya riske ta.

Baban Yara, Minnesota: Haka ne, Malam. Sai dai a duba jikin buhun iri kafin a saya, don ciyawar kala-kala ce. Perennial ryegrass na tsirowa cikin kwana 5 zuwa 10, tall fescue mako ɗaya zuwa biyu, Kentucky bluegrass kuwa har kwana 30 tana iya kaiwa, a nan ne masu gajen haƙuri ke daina ban ruwa su ce irin ya mutu. Fescue giram 30 zuwa 40 a kowace murabba'in mita, bluegrass 10 zuwa 15 ya isa don ƙwayarta ƙanana ce. A karce ƙasa da manjagara, kada a binne irin da zurfi, a riƙa yayyafi sau biyu ko uku a rana har ya fito. Bluegrass tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa ta toshe giɓi da kanta. Fescue gindi-gindi take, inda ta mutu sai an sake zuba iri.

Hajiya Mai Lambu: Yawancin ɓarnar a wajen yanka take. Mutanenmu na son aski ƙwal, ita kuma ba ta so. A bar ta santimita 7 zuwa 10, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a yanka guda. Idan bakin ganyen ya yi fari-fari kamar an yage shi, wuƙar injin ce ta dakushe. Ruwa santimita 2.5 a mako, da asuba. A ajiye gwangwanin kifi a fili a auna ruwan da ya taru a ciki.

Ɗan Columbus: Hajiya, ki ƙara da taki. Yuriya kamar giram 10 a murabba'in mita, a Satumba, a bi ta da ruwa. A Yuli kuwa a kiyaye: taki da ban ruwan dare da daren da zafinsa ya wuce digiri 20, su ke kawo cutar fangas mai zagaye-zagaye ruwan ƙasa a jikin fescue. Bluegrass da ta bushe a zafi galibi barci take, ruwa kaɗan duk mako biyu zuwa uku zai riƙe ta. Amma in ka ja ta ta naɗo kamar tabarma, gwazarma ce ta cinye saiwar.

Baban Yara: Maganin hana crabgrass, wato dangin harkiyarmu, tsirowa ana zuba shi idan ɗumin ƙasa ya doshi digiri 13. Galibinsa ba ya bambanta irin da ka shuka da na crabgrass, kada a haɗa shi da sabuwar shuka.

Kawu na Manchester: Mu a Ingila gansakuka ce matsalar. Sinadarin iron sulphate na mayar da ita baƙa, a kwashe da manjagara bayan mako biyu, amma yana ɓata daɓe da tsatsa. In ba a huda ƙasar ba, ba a rage rassan da ke inuwa ba, baɗi tana nan.