Nawa ake ba ku na tallafi, kuma me ya saya muku?

Maman Safiya, Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk wanda ya taɓa karɓar kuɗin tallafin gwamnati, ko wani nasa ya karɓa, ya faɗa mana nawa ne kuma me ya yi da shi. Surukata tana cikin waɗanda aka rubuta a zamanin Buhari, naira 5,000 a wata, ana haɗa musu 10,000 duk wata biyu. Da farko ta ji daɗinsa ƙwarai, tana auno masara, ta sayi sabulu da man ja, har ta zuba adashi. Shekaru suka yi ta tafiya kuɗin yana nan inda yake. Daga ƙarshe in ta karɓo, kafin ta fito daga kasuwa ya ƙare, kuma a leda ɗaya take riƙo kayan.

Malam Sani, Gombe:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni N-Power na yi, shirin gwamnati na ba matasa aikin wucin gadi, rukunin farko na 2016, ina koyarwa a firamare, 30,000 a wata. A tuna lokacin mafi ƙarancin albashi 18,000 ne, litar fetur kuma 145. Wato kuɗina na wata guda ya isa lita sama da 200. Da shi na saya wa maiɗakina keken ɗinki, har yau shi ke rufa mana asiri. Ƙanina da ya yi bautar ƙasa a 2025 ya tarar an ɗaga alawus daga 33,000 zuwa 77,000, ya zo yana yi mini kuri wai ya ninka ni. Na ce ya ɗauki biro mu lissafa. Nasa bai kai lita 100 ba. Tun ranar na daina tambayar mutum nawa aka ba shi, sai dai in tambaye shi kwano nawa ya auno.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar da sefa ake biya, kuma galibi mata ake damƙa wa. Sa'ad da aka soma, jikka 10 ne a wata, wato sefa 10,000. Da shirin Wadata Talaka ya zo aka kai shi jikka 15, har tsawon shekara 2. Iyalina ta samu. Abin da ya sa ya yi albarka, ta san zai zo kuma ta san ranar da zai ƙare, don haka su matan garin suka kafa asusu, kowace na zubawa. Da kwasarta ta zo ta sayi akuya, akuyar ta haihu. Lokacin bazara da rumbu ya yi ƙasa, ba mu ci bashin hatsi wurin 'yan kasuwa ba, wanda a da sai mun biya shi da kaka riɓi biyu. Ana kuma tara su ana yi musu bayani kan shayarwa da abincin yara.

Malam Sani, Gombe:
Kai, ɗan uwa, jikka 15 ai in an canza yanzu ya haura naira 30,000. Kun fi mu.

Ɗan Maraɗi:
Malam kada canji ya ruɗe ka. Naira ce ta faɗi, mu da sefa muke sayen tiyarmu, kuma ita ma ta hau. Fifikon da na yarda da shi ɗaya ne, tsawon lokacin.

Baban Ummi, Zariya:
Nan ne maganar take. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 aka sanar da 25,000 a wata har wata 3, jimilla 75,000, ga gidaje miliyan 15. Mahaifiyata ta samu ta asusun banki bayan an haɗa mata da lambar NIN. A ido ya ninka 5,000 ɗin surukar Hajiya sau 5. To amma wata 3 me mutum zai gina a kai? Na farko ta biya bashin mai shago, na biyu magani ya cinye, sauran aka sayi abinci. Ban raina ba, wallahi ya zo a kan gaɓa, ta yi ta sa albarka. Sai dai ba kuɗin da za a ja jari da shi ba ne.

Hajiyar Zango, Kumasi:
Bari in kawo muku namu na Gana. Sunansa LEAP, tun 2008 ake yi, kuma ba kowane talaka ake bai wa ba: tsofaffi daga shekara 65 da ba su da mai kula da su, masu riƙon marayu, naƙasassun da ba sa iya aiki, da masu juna biyu ko goyo. Duk wata biyu ake biya ta katin karɓar kuɗi na e-zwich, gwargwadon yawan waɗanda suka cancanta a gidan. Goggona mai riƙon jikoki marayu tana ciki. Shekara da shekaru sidi 64 ne ga mutum ɗaya, 106 ga gida mai huɗu ko fiye, har ya zama kuɗin mota ma ya kusa cinye shi. A 2023 aka ninka, a 2024 aka sake ninkawa ya koma 256 zuwa 424. Amma in kun tambaye ta, ba kuɗin za ta fara ambata ba, katin asibiti ne. Duk wanda ke cikin shirin ana yi masa rajistar inshorar lafiya kyauta, ita da yaran duka.

Maman Safiya, Funtuwa:
Allahu akbar. Hajiya wannan na katin asibitin shi ya fi taɓa ni. Surukata hawan jini gare ta, kuma ko a lokacin da 10,000 ke da daraja, kusan rabinsa a kantin magani yake tsayawa. Da za a ce ta zaɓa tsakanin ƙarin kuɗi da a ɗauke mata maganin wata-wata, na san abin da za ta ɗauka.

Baban Ummi, Zariya:
Haka mahaifiyata ma, Hajiya. Allah ya ba iyayenmu lafiya. Akwai 'yan Kamaru ko Chadi a nan? Muna son jin nawa ake ba ku, kuma wata nawa ake ɗauka ana biya.