Jaririn ƙanwata kwana biyar a asibiti, har yanzu yana sandarewa: mu bar shi ko mu ɗauke shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta haihu a gida, yaro ya kama nono lafiya lau. A kwana na shida ya ƙi kama nono, baki ya ɗaure, washegari ana shirin suna ya fara banƙarewa. Asibiti sun ce sarƙe haƙora ne. Yau kwanansa biyar a can, an yi allurai, amma ko ƙofa aka buga sai ya sandare. Kakarsa, Inna, ta ce iska ce, a dawo da shi gida. Don Allah ku ba ni shawara.

Likitan yara: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kada ku ɗauke shi. Abin da kike gani haka ciwon yake tafiya, ba gazawar magani ba ce. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta shiga ta cibiya, ta saki dafi, dafin ya bi jijiya ya manne. Allurar kashe dafin da aka yi masa tana kama wanda ke yawo a jini ne kawai. Wanda ya riga ya manne ba ya saki, sai jijiyoyin sun yi sabon toho. Shi ya sa sandarewar takan tsananta a makon farko, ta ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ta lafa, taurin jiki kuma ya fi haka daɗewa.

Ba zan ɓoye miki ba, ciwo ne mai haɗari, musamman idan ya fara kafin kwana bakwai, ko aka samu ƙasa da awa 48 tsakanin ƙin nono da sandarewar farko. Abin da ke kashe jariri shi ne maƙogwaro da ƙirji su ɗaure numfashi ya tsaya, ko ya shaƙi nono ya tafi huhu. A asibiti akwai diazepam na sassauta jiki, metronidazole ko penicillin na kashe ƙwayar, iskar oksijin, da na'urar zuƙe majina. A gida babu ko ɗaya, kuma jaririn da ba a yi wa magani ba da wuya ya tsira.

Ma'aikaciyar jinya: Ki faɗa wa mai jego: kada a ɗura masa komai ta baki, ko ruwan rubutu ne, ko da cokali. Ta riƙa tatsar nono duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana, a ba shi ta robar hanci. In ta bari, nonon zai janye kafin ya warke. 'Yan dubiya su haƙura, waya a kashe mata ƙara, ɗaki ba haske mai yawa, ba ɗauka ba jijjigawa. In leɓe ya yi shuɗi, ko sandarewa ta ƙi saki, a kira ma'aikata nan take. Ku kuma ƙirga sau nawa yake yi a awa, raguwar nan ita ce alamar sauƙi ta farko.

Ungozomar asibiti: Inna ta yi masa addu'a daga inda take, ba wanda ya hana. Ki kwantar mata da hankali, ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Amma wanda ya yi ciwon bai samu kariya ba: in an sallame shi sai ya karɓi allurar rigakafin yara ta Penta a mako 6, 10 da 14. Uwar ma a fara mata allurar Td ta rigakafin sarƙe haƙora tun yanzu, ta biyu bayan mako huɗu, ta uku bayan wata shida, sauran biyun shekara-shekara. Haihuwa ta gaba, sabuwar reza da zare mai tsabta, a shafa wa cibiya maganin kashe ƙwayoyin cuta na chlorhexidine kullum. Ban da toka, man goge baki, kashin shanu da gasa cibiya da tsumma. Wanzami ma ya dakata da cire beli.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Yanzu zan kira mijin ƙanwar tawa, shi kaɗai Inna take jin maganarsa.