Abin Da Muka Tsinta Kan Tura Maƙala Ga Mujallar Ilimin Laburare

Ranar Alhamis muka zauna a gindin bishiya kusa da Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, mu ɗaliban digiri na biyu, da wani malaminmu da ya daɗe yana tace maƙalu. Ya ce kafin komai a karanta ƙa'idojin mujallar da za a tura wa, domin kowace da nata. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙalar, kada ya zarce adadin kalmomin da suka yanka. Sunan marubuci kuwa a ware masa shafi daban, saboda bai kamata mai tantancewa ya san na wa yake dubawa ba.

Madogara ce ta cinye mana lokaci. A APA, wani tsarin rubuta madogara, bugu na 7, wanda ya fito a 2019, an daina rubuta garin da aka buga littafi, amma har yanzu wasunmu na liƙa shi saboda sabo. Idan marubuta sun kai uku, sunan na farko da "et al." (wato "da sauransu") ya wadatar a cikin rubutu tun daga ambaton farko. A jerin madogara na ƙarshen maƙala kuma ana kawo sunaye har 20, a sa DOI, wato lambar gano maƙala a intanet, in akwai.

Wata ta ce, "Malam, in na tura wa mujallu biyu lokaci guda fa?"

Ya ce kul, sai ta farko ta ba da amsa.